Gwangwanin Halawa a Jirgin Abdulmohsen

Direbobin Abhur, unguwar bakin teku a Jidda, sun san Hamad da hali ɗaya, wato ba ya kulle ƙofa sau ɗaya ya tafi. Idan ya kulle mota sai ya yi taku biyar, ya dawo ya ja hannun ƙofar, ya tafi, ya sake waiwaye. Matarsa Zakiya takan ce ko fitila ya kashe sai ya tsaya ya ga ko za ta kunna kanta. Shi kuwa bai taɓa musu ba, don ya san haka Allah ya yi shi, mutum ne mai ɗan banzan fargaba.

A Karantina, wata tsohuwar unguwar Jidda, aka haife shi, shekara hamsin da ɗaya ke nan. Kakansa na wajen uwa ya taso daga ƙasar Haɗeja da ƙafa da niyyar aikin hajji, ya yi shekara tara a hanya yana tsintar auduga a gonakin Sudan, kafin ya samu jirgin katako ya ƙetaro daga Sawakin. Ya yi hajjinsa, komawa kuwa sai labari. A Jidda ya haifi Hindatu, mahaifiyar Hamad. Uban Hamad ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, kuma da zai bar duniya bai bar wa ɗansa gida ko fili ba, sai gargaɗi guda da ya yi ta nanatawa: a gidan kafili, wato uban gidan da takardar zamanka ke hannunsa, kada ka ajiye komai naka, ko da silifa ne, don ranar da aka ce ka fita ka fita da ƙafafunka kawai. Hamad ya riƙe wannan magana shekara ashirin da uku a gidan Abdulmohsen, injiniya mai ritaya, wanda yake yi wa tuƙi tun ɗan gidan, Raed, yana firamare. A shekara ta ashirin da huɗu ne ya karya ta, kuma jirgin ruwa ne sanadi.

Jirgin ya shigo gidan shekara shida da suka wuce. Wani Bature da kwangilarsa ta ƙare ne ya sayar wa Abdulmohsen, Hamad kuma ya jawo shi da motar gida har tsakar gida, yana tafiya kamar mai ɗauke da kwandon ƙwai. Ƙaramin jirgi ne mai tafiya da iska, tsawonsa mita bakwai da 'yan kai, yana zaune a kan kekensa mai taya huɗu wanda mutanen Jidda ke kira galas. Komai nasa an yi shi ne yadda zai naɗe ya hau titi. Sari, wato dogon sandan da ake ɗaura ƙyallen kama iska, kwantar da shi ake yi a kan rufi. A ƙarƙashin cikinsa akwai wani dogon faifai da ake janyewa sama da igiya, sai an shiga ruwa mai zurfi a sake shi. Abin juya jirgin ma naɗewa yake yi, kusa da wani ɗan inji da ke maƙale a baya. Idan ka sunkuya ka sauka matakala biyu sai ka tarar da ɗaki sosai: gadaje biyu a gefe, wani a can hanci, ɗan risho mai kai ɗaya, kwanon wanke-wanke, har da masai na roba. Ga oba-oba a jikin bango, ga kamfas, ga rigunan ruwa shida masu launin lemo, anga kuma da sarƙarta suna da nasu akwatin a gaba. Da Hamad ya fara shiga, abin da ya faɗo masa a rai shi ne ɗakin ya fi wanda aka haife shi a ciki tsari.

Mako biyu bayan haka ɓarin jikin Abdulmohsen ya shanye. Da aka sallamo shi daga asibiti ya sa aka tura kekensa har gindin jirgin, ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙa wa Hamad makulli da hannun da ya rage masa. Bakinsa a karkace ya ce a kula da shi.

To, ka ba mutum irin Hamad amana ka ce ya kula, ai ka gama da shi. Kowace Alhamis yakan wanke jirgin daga hanci har baya, ya duba iskar tayoyi, ya ɗan tura galas gaba don kada tayoyin su gaji da zama wuri ɗaya. Yakan tsoma ƙafar injin a durom na ruwan daɗi ya tayar da shi minti goma, ya shanya ƙyallen a inuwa ya ninke, ya yi cajin batir, ya ƙirga rigunan ruwa ya tarar shida ne, ya sake ƙirgawa. Akwai wani hannu na baƙin roba a can baya, ƙasa-ƙasa, da yake ɗiga wa mai duk mako, ya ja shi ya mayar, ba tare da ya san abin da yake buɗewa ba. Direbobin layin suka sa masa suna Kyaftin na Tudu, suna tambayarsa yaushe za a tashi zuwa Bur Sudan. Gaskiyarsu ce kuwa, domin shekara shida jirgin bai taɓa ruwan gishiri ba, kuma kyaftin ɗin nasa, duk da an haife shi cikin warin teku, bai taɓa shiga ta wuce idon sawu ba.

Shekarar da aka rushe Karantina, Hindatu ta fito daga gidan da ta yi shekara hamsin a ciki da katifa, tukunya biyu, da gwangwanin halawa ɗaya. Gwangwanin ta fara tonowa, domin a Karantina kowane gida yana da tayil ɗaya mai motsi a ƙarƙashin gado, kuma duk abin da mutum ke tsoron rasawa a ramin nan yake kwana. A cikin gwangwanin akwai takardar haihuwarta, tsofaffin katunan zamanta tun na farko, da duk wata shaida da ake nema in za a sabunta mata iƙama, wato katin izinin zama. Matar da aka haifa a Jidda, wadda ba ta taɓa ganin Najeriya ko a mafarki ba, duk hujjar zamanta a garin ba ta wuce abin da gwangwanin halawa zai ɗauka ba. Waɗannan takardu suna cikin leda. Akwai kuma guda ɗaya da ba ta yarda leda ta taɓa ba, ita ce takardar tafiyar mahaifinta mai hatimin Sawakin da dangwalen yatsansa, wadda take naɗe a cikin wani yanki na rawaninsa yadda shi ya bar ta.

Suka koma wani gida a Aziziyya, hawa na uku, su da iyalin Mansura ƙanwar Hamad, mutum goma sha ɗaya a ɗaki uku. Babu tayil mai motsi a hawa na uku. A makon farko wani jika ya buɗe gwangwanin yana neman halawa, aka tarar da shi zaune da takardar haihuwar kakarsa a baki. Ranar Hindatu ta kira Hamad ta ɗora masa gwangwanin a hannu ta ce ya kai inda yara ba sa zuwa. Ya kai ɗakinsa na direba da ke bakin ƙofar gidan Abdulmohsen, yana jin muryar ubansa a kunne. Bai cika wata biyu ba aka yi ruwan saman nan da ya mayar da titunan Jidda kogi. Ruwa ya shiga ɗakin har ya kusa taɓo katifa, Hamad kuma ya tsaya a tsakiya da gwangwani a ka. Da ruwan ya ɗauke ya je duba jirgi, sai ya tarar cikinsa a bushe ƙarau, ko ɗigo bai shiga ba.

A nan dabara ta zo masa. Ƙarƙashin matakalar ɗakin jirgin akwai wani murfi zagayayye, faɗin faranti, mai murɗawa, da zoben roba a bakinsa. Ya sha goge shi bai taɓa buɗewa ba. Ya murɗe, ya leƙa da tocila, ya ga wani kogo mai faɗi da sanyi da ya miƙe ƙarƙashin daɓen ɗakin, babu komai a ciki. Ya ce a ransa ashe Turawa ma suna da ramin ƙarƙashin gado. Ya zura gwangwanin, ya murɗa murfin, ya fita, ya dawo ya sake murɗawa.

Shekara uku gwangwanin na nan. Duk Juma'a in ya je gaishe ta, Hindatu takan tambaye shi amanarta fa, shi kuma ya ce tana inda ko ɗigon ruwa ba ya kaiwa. Bai taɓa gaya mata ina ba ne, kuma bai taɓa gaya wa masu gidan ba. Sau nawa yana shirya maganar a bakinsa in yana tura keken tsohon, sai ya tuna da Nuraddeen, direban gidan da ke kallonsu, wanda aka samu ya ajiye akwatunan wani ɗan'uwansa a gareji, kafin mako ya zagayo an sallame shi. Ga shi kuma tun ciwon Abdulmohsen sunan Raed ne a kan iƙamar Hamad, Raed ɗin da ya tafi Kanada karatu ya zauna aiki, wanda matarsa Rana ke tuƙa kanta ba ta buƙatar kowa. Mutum mai shekara hamsin da ɗaya ba ya son a fara tambayar ko ana bukatar direba a gidan. Sai ya ja bakinsa ya yi shiru, yana ta cin ransa shi kaɗai.

Raed ya dawo gaba ɗaya a farkon sanyin bana. Ranar wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, ya fito tsakar gida ya ce Abu Tariq, kamar yadda yake kiran Hamad, kawo makullin jirgi. Ashe a can ya koyi tuƙin irin waɗannan jirage, kuma ya yi wa mahaifinsa alkawarin zai fitar da shi teku ko sau ɗaya ne. Takardar izinin fita ma ya riga ya karɓo, gobe Asabar da safe za a tafi. Ya shiga ya fita, ya ja wannan igiya ya saki waccan, ya ja injin sau ɗaya ya tashi. Ya yi ta yaba wa Hamad, yana cewa ko a wurin masu sayarwa bai ga jirgi mai tsabta haka ba. Hamad yana tsaye a ƙasa yana murmushin dole, idonsa na kan ƙafar Raed da ke taka matakalar nan tana sauka. Da aka gama Raed ya kulle ɗakin ya jefa makullin a aljihunsa.

Saura kwana goma a kai Hindatu sabunta iƙama. Hamad ya yi ta lallashin kansa cewa ba komai, jirgi dai an yi shi ne don ya hana ruwa shiga, kuma a duk cikinsa babu inda ya kai kogon nan tsaro. Gwangwani zai je yawon teku ya dawo, Alhamis ya ɗauke abinsa. Duk da haka abincin da Zakiya ta aiko masa ya kwana a rufe.

Da safe suka ɗaura galas a bayan mota. Hamad ya duba ƙugiya da sarƙoƙin tsaro da fitilun baya sau uku, har Raed ya ce yalla, rana na yi. Tsohon yana gaba kusa da shi, an sa masa hular rana, Raed da Rana suna baya. Daga gidan zuwa gangaren da ake sauke jirage a bakin ruwan Abhur tafiyar minti ashirin ce. Sun yi kamar biyar ke nan Rana ta waiwaya ta kalli jirgin ta tagar baya, ta ce ita fa tsoro take ji. Abin da mota ke ja kamar ba ta ja komai ba, in aka tsayar masa da wannan dogon sanda iska ta buga, me zai hana shi kifewa?

Raed ya yi dariya irin ta wanda aka tambaya abin da ya fi so. Ya ce ai nan ne hikimar jirgin take. A titi ana son shi sakayau, a teku ana son shi da nauyi, saboda haka nauyin nasa aro yake yi daga tekun.

"Ƙarƙashin daɓen ɗakin nan gaba ɗaya tanki ne," in ji shi. "Akwai wani baƙin hannu a baya. In an ja shi, ruwa ya shigo ya cika tankin, kusan lita ɗari biyar, sai a rufe. In mun dawo a buɗe ya zube a kan gangare. Halas."

Hamad bai san lokacin da ƙafarsa ta sauka daga kan totur ba. Motar ta yi sanyi, na baya ya danna masa oda, Raed ya tambaya ko lafiya. Ya ce lafiya, rami ya gani. Babu wani rami a titin. Hannun nan da ya shekara shida yana ɗiga wa mai don kada ya ƙi buɗewa, ashe ƙofar da teku za ta bi ta shiga wurin takardun uwarsa yake gyarawa. Gumi ya keto masa duk da sanyin mota, tafin hannunsa na zamewa a kan sitiyari. Kowace kwana ya sha sai ya ji kamar yana jin gwangwanin na gangarawa a cikin kogon, ko da yake ba yadda za a yi ya ji daga inda yake.

Ya yi ta ƙulla dabara yana kwancewa. In sun isa za a ɗauki lokaci ana tayar da sari, ɗakin zai kasance a buɗe, minti ɗaya ya ishe shi. Da wannan ya riƙe kansa har suka isa.

A filin da ke saman gangaren suka tsaya. Raed ya hau ya kwance igiyoyi, ya sa Hamad ya riƙe igiyar gaba yana ja a hankali, shi kuma yana tura sandan daga baya har ya miƙe tsaye aka ɗaure wayoyinsa. Sai Raed ya ce gadar katakon da ake hawa jirgi tana rawa, ba za ta yi wa Baba ba, gara a ɗora shi tun jirgin na kan galas. Su biyu suka ciccibi tsohon suka hau da shi, suka sa masa rigar ruwa, suka zaunar da shi a kujerar da ke daidai bakin ƙofar ɗaki, ƙafarsa mai ciwo a miƙe a kan hanyar shiga. Rana kuma ta shige ciki da kular abinci, ta zauna a kan gado tana jera kofuna, ƙafafunta a kan matakala. Hamad ya ce bari ya shiga ya ƙirga rigunan ruwa. Rana ta ce ta ƙirga, biyar ne a nan, ɗaya na jikin Baba.

Ya sauko ya shiga mota. Akwai motoci uku a bayansu suna jiran layi, kowace da jirginta. Raed ya tsaya a kan jirgin can baya ya ɗaga hannu, alamar a taho.

Duk Abhur babu wanda ya kai Hamad iya baya da galas, kuma ranar ma hannunsa ya yi aikinsa ba tare da ya tambayi zuciyarsa ba. Yana kallon madubi yana gaya wa kansa cewa ba za a ja hannun ba sai jirgi ya tashi a kan ruwa, saura lokaci. Wataƙila murfin gwangwanin ya riƙe. Wataƙila ledar ta riƙe. Wataƙila a ofishin iƙama a yarda da hoton takardun da ke wayar Mansura, ko da yake ya san ba a taɓa yarda ba. Ya tuna Nuraddeen a bakin titi da jakarsa. Ya tuna ɗansa Tariq da ke shekarar ƙarshe a makaranta, da hawa na uku, da mutum goma sha ɗaya. Tayoyin galas na baya suka shiga ruwa, na gaba suka bi su. Gindin jirgin ya zauna a cikin teku karo na farko, sai Hamad ya ji Raed na ce wa mahaifinsa da murna, ka ji shi yana sha, tun a sama na buɗe masa.

Abin da ya zo wa Hamad a lokacin ba wani babban tunani ba ne. Fuskar Hindatu kawai ya gani ranar Juma'a mai zuwa, tana tambayar amanarta fa. Ya taka birki, ya sa giyar gaba, ya fizgo jirgin ya haye gangaren da shi har tsohon ya yi baya a kujerarsa. Ruwa ya riƙa bulbulowa daga ƙasan jirgin yana bin siminti yana komawa inda ya fito.

Na layi suka hau oda. Raed ya diro yana tambayar me ya faru, birki ne ko me. Hamad ya wuce shi, ya je gefen jirgin inda tsohon yake, ya ɗaga kai. Muryarsa ta fito 'yar ƙarama da ya kira tsohon yadda ya saba, Ammi, wato baffa.

"Ammi, ina da kaya a cikin jirginka. Takardun mahaifiyata ne. Suna cikin tankin."

Rana ta janye ƙafafunta. Hamad ya hau, ya tsallake ƙafar tsohon yana ba da haƙuri, ya durƙusa ya murɗe murfin. Warin gishiri ya bugo shi. Ya zura hannu, babu gwangwani a inda ya bar shi, tafiyar titi ta gangarar da shi baya. Ya kwanta da kumatunsa a kan daɓe ya tura hannu har kafaɗa, yatsunsa na lalube cikin ruwa mai ɗumi, sai can ya taɓo ƙarfe. A kwance ya same shi.

A kan bonet ya buɗe. Shekara uku a cikin kogo ta sa tsatsa ta ci gindin gwangwanin, ruwa ya shiga kamar rabin kofi. Ya zaro ledar, ya duba takardar haihuwa, ya duba katunan ɗaya bayan ɗaya. A bushe suke, dukkansu. Yankin rawanin kuwa ya jiƙe sharkaf, yana ɗigar da ruwa mai launin shuɗi.

Raed ya tsaya yana kallonsa, fuskarsa a murtuke. Ya tambaya tun yaushe, Hamad ya ce shekara uku.

"Shekara uku, Abu Tariq? Kai ka kai ni makaranta. Akwai akwatin ƙarfe a ɗakin Baba, da ka buɗe baki kawai."

Hamad ya sunkuyar da kai. Raed ya buɗe baki zai ƙara, sai tsohon ya buga gefen jirgin da hannunsa mai lafiya, ya yi ta kokawa da harshensa har ya samu kalma biyu suka fito, ya ce a bar shi. Sannan ya nuna teku da haɓa.

Hamad ya ajiye gwangwanin a kujerar gaba, ya sake yin baya. Wannan karon ya bar jirgin ya sha ya ƙoshi, ya zame daga kan galas ya tashi a kan ruwa. Injin ya tashi a ja ɗaya. Da suka fita daga bakin gaɓa ya hango an saki faifan ƙasa, ƙyallen da ya shekara shida yana ninkewa ya hau sama fari tas, iska ta cika shi, jirgin ya ɗan kishingiɗa ya tsaya a haka bai kife ba. Ya hango hular tsohon tana ƙanƙancewa. Abin ya yi masa kyau har ya ji haushin yadda ya yi masa kyau, ga kunya ta cika masa ciki, ga rawanin kakansa na jiƙa masa kujerar mota.

Da azahar suka dawo, tsohon fuskarsa ta yi ja yana ta murmushin gefe ɗaya. A gida Raed ya ce wa Hamad ya kawo iƙamarsa ranar Lahadi a sabunta, ya faɗa ne yana kallon wayarsa. Makullin jirgin kuwa Hamad ya ga Raed ya zura shi cikin zoben makullansa, bai kuma ce komai game da wankin Alhamis ba.

Bayan la'asar ya hau hawa na uku a Aziziyya. Hindatu na zaune a kan darduma kusa da taga. Da ta ga gwangwanin a hannunsa ranar da ba Juma'a ba, ta ajiye carbi. Ya durƙusa ya gaya mata komai, tun daga ruwan sama har gangare, bai rage ba. Ta karɓi ledar ta mutsa ta da yatsu ta ajiye a gefe ba tare da ta buɗe ba. Rawanin ta ɗauka, ta warware shi a kan cinyarta a hankali.

Hindatu ba ta karatu, amma ta san takardar nan kamar fuskar 'ya'yanta. Rubutun ya narke ya zama gajimare shuɗi, hatimin Sawakin ya baje, dangwalen yatsan mahaifinta ya koma tabo kawai. Ta daɗe tana kallo. Sai ta taɓa gefen takardar da ɗan yatsa ta kai bakinta.

Ta ce Babansu ya sha gaya musu cewa kwana huɗu suka yi a jirgin katakon, igiyar ruwa na dukansu har wuya, shi kuma ya naɗe takardar a tsakiyar rawaninsa, bai kwanta ba, bai sunkuya ba, har suka ga Jidda. Kowa kayansa ya jiƙe, ita kaɗai ta sauka a bushe.

"Shekara saba'in da biyar tekun nan na bin ta," in ji ta. "Yau ta same ta."

Hamad ya ce ta yafe masa, idonsa ya cika. Ya miƙa hannu zai karɓa, ya ce bari ya ɗauraye rawanin da ruwan daɗi kada gishiri ya cinye shi. Ta riƙe wuyan hannunsa.

"A'a, ya waladi. Shanya min su haka nan. Kada ka wanke."

Ya shimfiɗa takardar da yankin rawanin a bakin taga, ya danne gefunansu da kofin shayinta da carbinta, ya ja ƙofar ɗakin don kada yara su shigo. Ya yi taku biyar ya dawo ya taɓa hannun ƙofar. Ta cikin ƙofar yana jin ta tana kiran sunan mahaifinta a hankali, tana yi masa addu'a.